Idan Ka Yi Makuwa a Dajin Ƙanƙara Kana Bin Barewa

Ƙarfe uku da kwata na yamma na harbi barewar. Namiji ne, ƙahonsa reshe uku-uku, ya fito daga cikin ƙananan itatuwa yana sunsunar ƙasa. Na yi bisimilla na danna kunama. Ya yi tsalle, ya maƙale wutsiya, ya faɗa fadama. Na sauko daga ɗan gadon ƙarfen da muke ɗaurewa a jikin bishiya mu zauna dako, na dubi jakata da ke rataye a reshe, na ce a raina yanzu zan dawo. A cikin jakar nan akwai kamfas, da babbar tocila, da filas ɗin shayi, da busasshiyar safa, da babbar rigar sanyi. Ban sake sa ta a ido ba sai washegari da hantsi.

A arewacin jihar Minesota ta Amurka abin ya faru, cikin gandun dajin Sufiriya, arewa da birnin Dulut ta wajen iyakar Kanada. Daji ne da ya haura eka miliyan 3, tafkuna da fadamu da itatuwa masu ganye kamar allura, kowane lungu sak ɗan'uwansa. Shekarata ta uku ke nan da fara farauta a lokacin. Barewar ƙasar, mai farar wutsiya, ta fi tamu ta gida girma nesa ba kusa ba, babban namiji yakan kai kilo 90, kuma duk shekara mutum fiye da dubu 400 ne ke fita nemanta a jihar. Tun da na fara kai nama da kilishi masallaci 'yan'uwa suke cewa baɗi da su za a tafi. Ina murna da hakan ƙwarai. Amma kafin in nuna wa kowa riƙon bindiga, ga abin da nake so ya fara zama a kansa.

Sanyin nan ba ɗarin gida ba ne. Mu mun san hunturu: busasshiyar iska, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, ka ƙara bargo ko ka matsa kusa da wuta, shi ke nan. Maganin ɗari ƙarin tufa. A dajin nan kuwa abin da ke kisa shi ne sanyi ya tarar da kai a jiƙe. Ruwa yana zuƙe zafin jiki wajen ninki 25 fiye da yadda iska take yi, saboda haka mai jiƙaƙƙiyar riga a digiri 2 sama da sifili a ma'aunin Salshiyas ya fi mai busasshiyar riga a digiri 15 ƙasa da sifili shiga hatsari. Ga kuma iska: idan ma'auni ya nuna 10 ƙasa da sifili, iska kuma tana gudun kilomita 30 a awa, fatarka 20 ƙasa da sifili take ji. Mutanen jihar suna yawan ba da labarin garin Tawa, inda sanyi ya kai digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas ranar 2 ga Fabrairu, 1996. Sai dai a irin wannan rana kowa yana ɗaka. Ranar da ta ci mafarauta ita ce 11 ga Nuwamba, 1940. Gari ya waye da ɗumi, masu harbin agwagi suka bazu a tsibiran kogin Misisifi da 'yan rigunansu marasa nauyi. Kafin la'asar iska ta juya, ruwan sama ya rikiɗe ya zama dusar ƙanƙara. Mutum 49 suka mutu a Minesota kaɗai, da dama daga cikinsu mafarautan nan ne. A daren da na kwana a fadama, sanyin bai wuce 6 ƙasa da sifili ba, kuma ya isa ya kashe ni.

Don haka a fara da tufa. Kada auduga ta taɓa fatarka: ba singileti, ba wandon jins, ba safar auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta manne maka kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na ciki ya zama ulu ko yadin roba da aka yi don wannan, sai suwaitar ulu, sai ta waje mai tare iska da ruwa, sai riga da hula masu ruwan goro mai ƙyalli da doka ta wajabta. Ulu ko ya jiƙe bai rasa ɗumi gaba ɗaya. Abin da sababbi suka fi kuskurewa shi ne su jibga komai tun daga mota, su yi tafiyar rabin awa cikin daji, su isa wurin dako sharkaf da gumi. Ka bar mota kana ɗan jin sanyi, babbar rigar tana ɗaure a bayanka, sai ka zauna jikinka ya huce sannan ka sa ta. Duk sanda ka ji gumi zai tsatso, tsaya, zuge zif, cire hula.

Wanda ya koya mini farauta maƙwabcina ne, dattijo, jikan mutanen Finlan da suka zo aikin haƙar tama a yankin. Baba nake ce masa, kuma ya amsa sunan. Ranar da muka fara fita ya miƙo mini wani ɗan gwangwani kamar na alewa, ya ce wannan ba na jaka ba ne, na aljihun wando ne, kuma ba a cire shi sai an koma gida. Ciki akwai ashana mai jure ruwa, da dunƙulen auduga guda shida da aka cuɗa da basilin, da usur na roba, da ɗan kyandir. Gwangwanin nan shi ne dalilin da ya sa nake da hannun rubuta wannan. Yanzu na ƙara a kan nasa. A jikina, ba a jaka ba, akwai kamfas rataye a wuya, da laita a aljihun ciki inda ɗumin jiki ke taɓa ta domin gas ɗinta ba ya kamawa idan ta yi sanyi, da tocilar goshi mai batirin litiyam, da wuƙa, da babbar ledar shara mai kauri a naɗe, da safar ulu cikin leda, da dabino da gyaɗa da kilishi. Usur ɗin na roba ne domin na ƙarfe yana manne wa leɓe. Jaka takan rabu da mutum, ko ya aje ta da kansa kamar yadda na yi, ko ta faɗa rafi. Wando ba ya rabuwa da shi.

Waya kuwa ka ɗauke ta a matsayin ƙari. Tawa tana da caji kashi 40 sanda na sauko daga bishiya, tana aljihun waje. Da na ciro ta cikin fadama, ta haska sau ɗaya ta mutu, domin sanyi yana kashe batir. Ka saukar da taswirar wurin tun daga gida, ka rufe neman sabis, ka sa ta a ƙirji. Idan ka sami sabis ko layi ɗaya ne, a Minesota ana iya tura rubutaccen saƙo zuwa 911, lambar kiran gaggawa, kuma saƙo yakan fita a inda kira ya kasa. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna iya kai kukan neman agaji ta tauraron ɗan'adam, haka ma 'yan na'urorin aika saƙo na kamfanin Garmin, amma duka suna son sarari, ba ƙarƙashin duhuwa ba. Mai hali ya saya, kuɗin bai kai ransa ba.

Akwai kuma takarda. Kafin in fita nakan rubuta inda zan aje mota, da lambarta, da hanyar da zan bi, da ɓangaren da zan nufa, da lokacin fitowa, da sunan gundumar domin ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, shi ke da alhakin neman wanda ya ɓata. Sai in liƙa a jikin firji. Tun daga waccan shekara uwargida take tsayawa a ƙofa ta ce, "Maigida, in bakwai ta buga ban ji muryarka ba, zan kira su, ko da za ka yi fushi." Nakan ce mata ta kira. Masu aikin ceto, waɗanda yawancinsu 'yan sa-kai ne, sun fi son a tashe su da wuri a ce musu an gan shi, da a kira su da asuba bayan dusa ta rufe sawu.

Abu na ƙarshe kafin ka taka daji, minti ɗaya ne kacal yake ci. Ka tsaya a kan hanyar da ka aje mota, ka ciro kamfas, ka ga yadda hanyar ta miƙe. Tamu ta masu jigilar katako ce, ta tashi daga gabas zuwa yamma, mu kuma arewa muke shiga. Ke nan duk inda na kai, duk yadda kaina ya juye, in na miƙi kudu dole in yanke hanyar nan. Ba sai na san inda nake ba, sai dai in san inda doguwar hanya take. Wannan ɗan ilimin ya fi duk wata na'ura. Ka nisantar da kamfas daga bindiga da wuƙa sanda kake dubawa, domin ƙarfe yana jan allurar, kuma a yankin tama na Mesabi akwai wuraren da ƙasar kanta take karkatar da ita, sai ka matsa gaba ka sake dubawa. Kana tafiya kuma kana waiwaye. Dajin da ka shiga da wanda za ka fito ba kamarsu ɗaya ba, sai wanda ya riƙa juyawa yana kallon bayansa ne zai gane shi.

To, mu koma fadama. Kuskurena na farko shi ne ban jira ba. Dabbar da aka harba, in an ƙyale ta, takan yi ɗan gudu ta kwanta. Ana ba ta aƙalla rabin awa, in kuma harsashi ya same ta ta wajen ciki ne, awoyi ake ba ta. Ni na bi shi nan take, na tashe shi daga inda ya kwanta, ya ƙara nutsawa cikin duhuwa. Kuma mai bin jini kansa a ƙasa yake. Ɗigo a kan ganye, ɗigo a kan kututture, ya yi hagu ka yi hagu, ya kewaye ka kewaye. Idonka bai ga bishiya ko ɗaya da za ka tuna ba. A nan mafarautan barewa suke ɓata, ba a tafiyar safe ba. Maganin shi ne ka riƙa ɗaura ƙyallen leda mai ruwan goro, ko tishu, a reshe daidai tsayin ido, ta yadda kana tsaye a sabon za ka hangi na baya. Duk ɗauri biyu ka ɗaga kai ka dubi kamfas. Kada ka ce sawunka zai mayar da kai. Dusa ta fara sauka ina cikin bi, kafin minti ashirin ta shafe jini da sawu gaba ɗaya.

Na same shi wajen huɗu da 'yan mintoci, ya riga ya cika. Na yi hamdala, na feɗe cikinsa, hannun rigata ya jiƙe, bayana ya jiƙe da gumi. Na ɗaura igiya a ƙaho na fara ja ta inda zuciyata ta ce mini can ne. Ban yi nisa ba ƙafata ta dama ta ɓurma cikin siririyar ƙanƙarar da dusa ta lulluɓe, ruwa ya kai gwiwa. A watan Nuwamba ƙanƙarar fadama ba ta yi ƙwari ba. Hukumar kula da albarkatun jihar tana cewa sai ta kai inci 4 kafin a taka ta, kuma duk filin da ka gani shimfiɗe fes babu tsiro a cikin fadama, ruwa ne a ƙarƙashinsa, ka kewaye. Na bar barewar na ci gaba da sauri. Can sai ga sawun mutum, sabo, dusa ba ta gama rufe shi ba. Zuciyata ta yi fari. Na bi shi kamar taku talatin, sai ga ramin da ƙafata ta ɓurma.

A gida idan mutum ya yi makuwa akan ce iskoki ne suka juya shi. Ko ma mene ne, ga abin da aka gwada: a 2009 wani mai bincike, Jan Souman, da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck a Jamus suka sa mutane su miƙe sak a wani daji na Jamus da kuma cikin Sahara a Tunisiya, suna bibiyarsu da na'ura. Waɗanda suke ganin rana ko wata sun tafi kusan a miƙe. Waɗanda hadari ya rufe musu rana sai suka riƙa kewaya suna komowa kan sawunsu, suna kuma rantsuwa a miƙe suke. Haka aka halicci ɗan'adam. Ba wauta ba ce, ba kuma rashin jarumta ba. Wanda ya san haka ba zai yi gardama da kamfas ba. Idan allura ta ce kudu yana bayanka, kanka kuma ya ce yana gabanka, ka bi allura.

Abin da na fi so ka riƙe daga duk maganar nan shi ne wannan lokacin, sanda ka gane ba ka san inda kake ba. Wani abu yakan taso daga ciki ya shaƙe maƙogwaro, ƙafa ta ce gudu. Kunya ma tana ciki: me zan ce wa mutane, babba da ni. Gudun nan shi ke kisa. Yana jiƙa ka da gumi, yana cinye ƙarfinka, yana fitar da kai daga yankin da za a neme ka, yana karya ƙafa a duhu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa da bakinka, da ƙarfi, cewa na ɓata. Ka cire harsashi daga bindiga, ka zauna a kan kututture, ka ci dabino uku, ka yi salati har numfashinka ya daidaita. Sannan ka dubi lokaci. A tsakiyar Nuwamba rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi a wannan yanki, cikin duhuwa kuma duhu yana riga haka, daren kuma ya haura awa 14. In rana tana bayyane, miƙa hannunka ka jera yatsu tsakaninta da bakin ƙasa, kowane yatsa kamar kwata ɗin awa ne. In kana da kamfas, ka san inda hanya take, ƙafarka a bushe, kuma akwai sauran awa guda, to tafi a hankali. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, kwana ya kama ka. Ka karɓe shi tun da sauran haske, domin hasken nan da shi za ka tara itace. Ni sai da na ɓarnatar da nawa, na tara itacena da lalube.

Nemi tudu kaɗan, ka fita daga gindin fadama domin sanyi a kwari yake kwanciya. Ka sami abin da zai tare maka iska, babban dutse ko saiwar bishiyar da ta faɗi. Kada ka zauna a ƙasa tsirararta, ƙasa ta fi iska shan ɗumi. Karyo rassa masu ɗanyen ganye na itatuwan allura, irin waɗanda ake yin bishiyar Kirsimeti da su, ka jibga har su kai tsawon kamu biyu, ka zauna a kai. Ledar shara ka huda mata wurin fuska kusa da gindinta, ka zura ta daga ka, ta zama rigar ruwa da iska.

Wuta ita ce aikin daren. Ka share dusa, ka jera ɗanyun itatuwa ka hura a kansu don kada narkakken ruwa ya kashe ta, kuma ka ɗaga kai ka tabbata babu reshe mai ɗauke da dusa a samanka, domin zafi zai zubo da ita. A dajin akwai wata bishiya mai farin ɓawo da ke saɓulewa kamar takarda, bac suke ce mata. Ɓawon yana da mai, ko a jiƙe yana kamawa. Ƙananan matattun rassan da ke jikin gindin itatuwan allura, can ƙasa inda ganye ya yi musu laima, kullum a bushe suke. Itacen da ke kwance a ƙasa ya sha ruwa, nemi mataccen da ke tsaye. Ka tara komai kafin ka ƙyasta: sirara kamar tsinken tsintsiya cike da hannu biyu, masu kaurin yatsa, masu kaurin damtse. Abin da ka ga zai kai ka safe, ka ninka shi uku.

Ba zan manta da yatsuna a daren nan ba. Na buɗe gwangwanin da haƙori. Na ɗauki ashana, babban yatsa da manuni suka ƙi haɗuwa, ta faɗi cikin dusa. Ta biyu ma haka. Sai na zura hannuwana cikin hammata, ƙarƙashin riga, a kan fata, na ƙirga ɗari uku ina karkarwa. Na ciro, na danƙe ashanar a dunƙulen hannu kamar mai riƙe wuƙa, na ja ta. Audugar basilin ta kama, ta yi ta ci har ɓawon ya ɗauka. Wannan gwajin ka riƙe shi: in babban yatsanka ya kasa taɓa ɗan ƙaramin, lokacin hura wuta yana ƙure maka, ka bar duk abin da kake yi.

Da wuta ta tashi na cire takalmi, na matse safa, na shanya a sanda, na naɗe ƙafar da hular wuyata na rungume ta a cinya. Kada ka kusantar da ƙafar da ta mutu da sanyi ga wuta, za ta ƙone ba ka ji ba, kada kuma takalmi ya ƙone, da shi za ka fita. Kada ka ci dusa don ƙishirwa, tana ƙara sanyaya ciki, narkar da ita a gwangwani. Ka riƙa cin abu kaɗan-kaɗan, domin karkarwa aiki ce, abinci take ci. Na ji kukan kyarkeci can nesa, gabana ya faɗi, amma su ba ruwansu da mutum. Sanyi ne abokin gabar, ba su ba. Magariba da isha na yi su a gefen wuta da taimama a kan dutse. Kada wani ya ce zai yi alwala da ruwan fadama a irin wannan hali. Sahabi Amru ɗan Asi ya yi taimama a daren sanyi don tsoron halaka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, amma a daren nan inda na fuskanta nan na yi.

Alamar neman agaji uku ce: harbi uku a jere da ɗan tazara, ko busa usur uku. Da rana a lokacin farauta harbinka ba ya gaya wa kowa komai, dajin duk harbi ne. Doka ta tsayar da harbi rabin awa bayan faɗuwar rana, saboda haka ka jira duhu ya yi sosai, sannan harbi uku zai zama magana. Ka saita bakin bindiga ga ruɓaɓɓen kututture ko tudun ƙasa mai laushi, ka adana harsashi, in kuma ka ji masu nema sun matso ka aje bindiga ka koma usur. Ihu yana cinye murya cikin ɗan lokaci, usur kuwa ya fi shi nisa. Wajen takwas na ji odar mota, siririya. Na rantse daga hagu take, da ta sake sai na ji ta a baya. Iska da itatuwa suna wasa da sauti. Ƙafata ta so tashi, na hana ta. Na amsa da harbi uku na ƙara itace.

Ka san kuma alamun da ke nuna sanyi ya shiga jini, domin kai da abokin tafiyarka. Zafin jikin mutum 37 ne, da ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari. Farko karkarwa da lauyewar yatsu, sai tuntuɓe, sai harshe ya yi nauyi, sai fushi ko shiru marar dalili. Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshe da zai sani, zai ce maka lafiyarsa lau. In karkarwa ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani, wasu ma a nan suke jin zafi su fara tuɓe riga. In ka tarar da mutum haka, ka kwantar da shi a hankali ba da jijjiga ba domin zuciyarsa ba ta son girgiza, ka raba shi da ƙasa, ka cire jiƙaƙƙen kaya ka naɗe shi har kai, ka sa ɗumi a ƙirji da hammata. Shayi mai sukari sai in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Ba a murza masa hannu da ƙafa, ba a sa shi tafiya. Ko ya yi kamar ya mutu kada a yanke masa hukunci, a kai shi asibiti. Daskarewar yatsu da kunne da hanci kuwa, littattafan ƙasar nan suna cewa fata za ta yi fari, amma a baƙar fata irin tamu toka-toka take yi, ta yi tauri kamar kyandir, ba a jin taɓi. Da hannu ake ganewa fiye da ido. Ba a goga mata dusa, ba a murzawa. A ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 ake tsoma ta, kuma ba a narkar da ita in akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a fita.

Sha biyu ta gota na hangi fitila tana rawa tsakanin itatuwa. Na busa usur har kunnena ya toshe. Muryar ɗan yayata na fara ji, wanda muka zo da shi karo na farko a shekarar: "Kawu! Kawu, kana ji na?" Yana isowa ya faɗa jikina yana kuka. Baba yana bayansa da mutum biyu daga masu ceto. Bai ce mini komai ba sai da ya durƙusa ya taɓa yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko ina ji. Sannan ya dubi wutar, ya dubi gwangwanin a buɗe kan dutse, ya ce da na ci gaba da tafiya da ba su same ni a daren ba, domin gaba da inda na zauna fadama ce mai nisan mil da yawa babu hanya.

Da safe muka koma. Na'urarsu ta nuna tsakanin tokar wutata da hanyar katako mita 700 ne. Barewar tana nan inda na bar ta, sanyi ya adana naman, babu abin da ya taɓa ta. Mu uku muka ja ta. Jakata ma tana rataye a reshenta, shayin ya daskare a filas.

Yanzu duk wanda zai bi ni, daren Juma'ar da ake buɗe farauta washegari, nakan fitar da shi bayan gida. In cika bokiti da ruwa da ƙanƙara, ya tsoma hannu biyu minti ɗaya, ya ciro, in miƙa masa gwangwaninsa in kashe fitila. Ɗan yayata ashana bakwai ya ɓata a karon farko. Bara da ɗaya ya kunna, ya kuma tsaya a kan ƙaninsa har shi ma ya kunna tasa.